Takardar auduga ko ta itace: wacce ta dace da mai zane da fentin ruwa kullum?

Wata 'yar'uwa ta ce ta ƙudura zana ɗan ƙaramin hoton fili ɗaya kowace rana da fentin ruwa, sararin sama da tuddai da bishiyoyi. Tambayarta ita ce: ta sayi takardar da aka yi da zaren auduga, ko littafi mai araha na takardar da aka yi da itace ya wadatar, tunda koyo take yi?

Malama, bambancin yana wajen shan ruwa. Takardar auduga zalla, irin su Arches ta Faransa, Fabriano Artistico ta Italiya da Saunders Waterford ta Ingila, tana tsotsar ruwa a hankali kuma daidai a ko'ina, sai ta daɗe da danshi. Ta itace kuwa, irin Canson XL, ruwan kwanciya yake a samanta, wani gefe ya bushe, wani yana nan tsamo-tsamo.

A zanen sararin sama abin ya fi fitowa fili. Ki jiƙa rabin takardar na sama da ruwa mai tsabta, ki jira ƙyallin ruwan ya ɗan ragu, sannan ki ɗora shuɗi da buroshi mai tsini lamba 10, kina barin fari inda gajimare zai zauna. A kan auduga bakin gajimaren zai narke ya yi laushi, kuma kina da sukunin ƙara toka-toka a ƙarƙashinsa kafin takardar ta bushe. A kan ta itace, kafin ki gama haɗa launin toka-tokar wani wurin ya fara bushewa. Kina taɓa shi da jiƙaƙƙen buroshi sai sabon ruwan ya ture fentin gefe, ya bar shata mai duhun baki kamar inda ruwa ya yi yoyo a bango. Sabon shiga yakan zargi hannunsa, alhali takardar ce ba ta ba shi lokaci ba. Wannan shi ya fi damun mu, domin mai yi kullum abin da takarda ta saba masa shi hannunsa zai riƙe: gaggawa da tsoron ruwa.

Haka batun ɗora launi a kan launi. Hoton fili daga nesa ake fara shi zuwa kusa, daga haske zuwa duhu: tudun nesa da shuɗi mai ruwa-ruwa, ya bushe ƙarau, sannan na kusa da launi mai kauri, sannan bishiyoyi. Auduga tana riƙe shafin fenti na farko a cikin zarenta, za ki ɗora uku ko huɗu bai motsa ba. A kan ta itace shafi na biyu yakan tayar da na farko, su cakuɗe su zama launin laka, in kika yawaita gogawa kuma fuskar takardar ta fara tashi ƙwaya-ƙwaya.

Amma ta itace ma tana da ranarta. Tunda fentin bai shige ta sosai ba, goge shi ya fi sauƙi: buroshi mai ɗan danshi da tishu za su fito miki da hasken rana a kan ruwa, kuma Bockingford, wata takardar itace, ta yi suna a wannan. Takardar itace ita ce ta gwajin haɗa launi, da zanen minti biyar da launi ɗaya don gane inda haske da duhu za su faɗa.

Maganin tsadar auduga shi ne kada ki sayi littafi, ki sayi falle babba. Girmansa santimita 56 da 76 ne. Ki ninka shi biyu sau huɗu, kina kaifafa ninkin kina yagewa da rula, zai ba ki guda 16 masu santimita 14 da 19. Falle biyu sun kai ki wata guda, kuma bayan kowace takarda ma ana zane a kai.

Kowacce kika ɗauka, ki duba nauyi: 300gsm, wato giram 300 a kowace murabba'in mita. Mai 190 tana lanƙwashewa da zarar ta sha ruwa, fentin ya gangara ya taru a kwarin. Ki zaɓi wadda aka rubuta wa cold press, mai ɗan kaushi, domin mai santsi saurin bushewa take kuma ba ta ɓoye sawun buroshi. Ki manna gefunan huɗu a jikin allo da tef na takarda, kada ki cire sai ta bushe sarai. Wajen cirewa ki ja shi a kwance, a hankali, zuwa waje, musamman a kan ta itace, don ita ce ke ɓarewa ta bi tef ɗin.

Shawararmu: hoton kowace rana a kan auduga, gwajin launi kafin ki fara a kan ta itace. In ɗaya kaɗai za ki iya saya a yanzu, ki ɗauki auduga ki raba kowace gutsure biyu, santimita 9.5 da 14, falle ɗaya ya ba ki kwana 32.