Hanyoyin shiga gasar jifan kibiya ta duniya: wacce ta cancanci kuɗinka?

Tun da aka ƙara yawan 'yan wasan gasar jifan kibiya ta duniya (darts, wato jifan allo da ƙananan kibau da hannu) daga 96 zuwa 128, aka kuma ɗaga ladan zakara zuwa fam miliyan ɗaya, masu tambayar ta ina ake shiga sun ƙaru. Ƙofofin suna da yawa, kowace da farashinta, kuma wadda aka fi yi wa talla ba lallai ba ne ta dace da aljihun mutumin da ke zaune nesa da Turai. Kafin ka ciro ko sisi, ya kamata ka san abin da kowace ƙofa ke sayar maka.

Hukumar PDC ce ke shirya gasar. An kafa ta a 1992 lokacin da manyan 'yan wasa suka ɓalle daga tsohuwar hukumar BDO, ta yi gasar duniya ta farko a 1994, kuma tun ƙarshen 2007 a babban ɗakin Alexandra Palace da ke arewacin Landan ake yi, daga watan Disamba zuwa kwanakin farko na Janairu. Sili ɗaya ƙwale ce, aka doke ka sau ɗaya sai ka tattara kibanka. Kowane zubi ana farawa da maki 501 ana ragewa har sifili, kuma dole kibiyar ƙarshe ta faɗa siririn zoben waje mai ninka maki biyu, ko cibiyar allo. Wanda ya fara cin zubi uku ya ci turmi. A zagayen farko turmi uku ake nema, a wasan ƙarshe bakwai. Luke Littler ne ya ɗauki kofin a Janairun 2025 yana ɗan shekara 17, bayan ya doke Michael van Gerwen da ci 7-3, ya sake riƙe shi a 2026. Abin da ya fi shafar mai lissafi shi ne ƙasan tebur: a gasar 2026, wanda aka cire tun wasansa na farko ma fam 15,000 ya koma da shi gida.

Ga yadda aka raba guraben a waccan gasar. Mutum 40 sun shiga ta babban jadawalin PDC, wanda ake jerawa bisa kuɗin da ɗan wasa ya ci cikin shekara biyu. Wasu 40 sun shiga ta jadawalin ƙananan gasannin ƙwararru na shekara guda. Ragowar 48 an ware su ga wasannin share fage na yankunan duniya, da gasannin matasa, da na mata, da na masu neman katin ƙwararru, wato izinin buga gasannin ƙwararru na PDC. Ke nan kujeru 80 na masu kati ne ko waɗanda ke wasa a cikinsu, kai kuwa da ba ka da kati, a cikin 48 ɗin nan rabonka yake.

Ƙofar da kowa ya sani ita ce Q-School, jarrabawar neman kati da ake yi kowace Janairu. Mutum 128 ne kaɗai ke riƙe da katin a lokaci guda, kuma shekara biyu yake yi. Idan wa'adinsa ya cika ba ka cikin 64 na farko a jadawali, an karɓe. Ana yin jarrabawar a wuri biyu a lokaci ɗaya, Milton Keynes a Ingila da Kalkar a Jamus, kuma duk wanda ya kai shekara 16 zai iya yin rajista, ba a tambayar takardar kowace ƙwarewa. Mataki biyu ne. Na farko na tankaɗe ne, na ƙarshe kuma kwana huɗu: waɗanda suka yi zarra a kowace rana su karɓi kati nan take, sauran katunan a raba bisa makin da aka tara. Ɗaruruwan mutane ne ke zuwa kowane wuri, katunan da ake rabawa duka-duka kuwa ba su wuce 'yan gomomi ba, kuma cikin masu nema akwai tsofaffin ƙwararrun da aka ƙwace wa kati makonni kaɗan da suka wuce, hannunsu da zafinsa.

Kuɗin rajistar ɗaruruwan fam ne, amma shi ne mafi sauƙi a lissafin. Ɗora kuɗin jirgi, da bizar Birtaniya ko ta Shengen idan Jamus ka zaɓa, da masauki na kusan mako guda a tsakiyar hunturun Turai. Sannan ga abin da mutane ba su cika tunawa ba: cin katin ma kashe kuɗi ne. Mai kati zai riƙa zirga-zirga tsakanin garuruwa irin su Wigan da Leicester da Hildesheim don gasannin da ake yi ba 'yan kallo, sama da talatin a shekara, kuma wanda aka cire a wasan farko na irin waɗannan ranakun babu ladan ko kwabo. In babu kamfanin da ya ɗauki nauyinka, ko ɗan'uwan da za ka sauka a gidansa a can, katin zai zame maka kamar dokin kyauta ga wanda ba shi da harawa.

Duk da haka Q-School tana sayar da abu na biyu, kuma a ganina shi ne ainihin abin da yawancin mutane ke biya. Wanda ya shiga bai samu kati ba, yana da damar buga Challenge Tour a wannan shekarar. Jerin gasanni ne da ake haɗawa da yawa a ƙarshen mako guda, ana cin kuɗi, mutum biyun da suka ƙare a sama su samu kati, na sama-sama kuma su samu gurbi a Alexandra Palace. Haka nan idan masu kati ba su cika ba a wata gasar ƙwararru, daga wannan jadawalin ake kiran masu cike gurbi. Rob Cross misali ne da ake yawan kawowa, kuma ya cancanta. Ma'aikacin lantarki ne, ya ƙare a saman Challenge Tour a 2016, ya karɓi kati, a ranar farko ta 2018 kuma ya doke Phil Taylor da ci 7-2 ya zama zakaran duniya, a wasan da Taylor, mai kofin duniya 16, ya yi bankwana da shi. Ga Bahaushen da ke karatu ko aiki a Birtaniya ko Jamus ko Holan, wanda jirgin ƙasa ko mota za ta kai shi filin wasa, wannan ita ce hanyar da na fi ganin hikimarta. Ga wanda sai ya tsallaka teku kowane zuwa, lissafin ba ya fita.

Idan kana da ƙuruciya, akwai mai rahusa. Development Tour ta matasa ce daga shekara 16 zuwa farkon shekarun ashirin, ba sai ka bi ta Q-School ba, kuma ita ma tana ba da kati biyu da guraben gasar duniya. Ta nan Littler ya shiga gasar 2024 yana ɗan shekara 16, ya kai wasan ƙarshe, Luke Humphries ya doke shi 7-4. Mata suna da jerin gasanninsu daban da ke kai su ɗaki ɗaya da maza. Fallon Sherrock ce mace ta farko da ta ci wasa a can, a Disambar 2019, ta doke Ted Evetts, ta kuma bi ta kan Mensur Suljović a zagaye na gaba. Matsalar dai ɗaya ce da ta baya: a Ingila da Jamus ake yawancin wasannin.

Ƙofar da ta fi kusa da mu ita ce wasan share fage na nahiyar Afirka, wanda ƙungiyar African Darts Group ke gudanarwa. Devon Petersen ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya daɗe yana wasa cikin ƙwararru, shi ne jigonta. Shekaru da dama 'yan Afirka ta Kudu ne ke cinye gurbin nahiyar. A gasar da aka fara a Disambar 2025 kuwa David Munyua ne ya samu, likitan dabbobi daga Kenya, ɗan ƙasar na farko da ya hau wannan dandamalin. An haɗa shi da Mike De Decker na Beljiyam, wanda ya ci babbar gasar World Grand Prix a 2024. De Decker ya ci turmi biyun farko, saura ɗaya ya sallame shi, Munyua ya farke ya ci uku a jere. An cire shi a zagaye na biyu, amma ladan wannan matakin fam 25,000 ne.

Kwatanta wannan da Q-School. A nan babu bizar Turai sai bayan ka yi nasara, abokan karawar ba su kai na Milton Keynes kaifi ba, kuma ladan kai-tsaye ne, daga share fage sai Landan. Aibinta shi ne ƙuncin ƙofar: nahiya guda ce ke rububin gurbin da bai taka kara ya karya ba, kuma a tsarin sili ɗaya ƙwale mai gajerun wasanni, minti goma na rawar hannu ya isa ya cinye maka shekara. Ba ta kuma ba ka kati, don haka bayan gasar ka dawo inda ka fito. Amma idan kuɗin tafiya ɗaya tak gare ka a shekara, kuma a Afirka kake zaune, nan zan ce ka kai shi.

Akwai wasu biyu da ba sai an daɗe a kansu ba. Gasar UK Open, da ake yi a garin Minehead na Ingila wajen watan Maris, tana ware gurabe ga waɗanda ba ƙwararru ba, kuma ƙuri'a ake sake jefawa ba tare da kare manya daga haɗuwa da juna ba, shi ya sa ake kamanta ta da kofin FA na ƙwallon ƙafa. Ta nan aka fara ganin Cross a talabijin a 2016. Sai dai share fagenta a Birtaniya ake yi, don mazauna can ta fi amfani. Ita kuwa hukumar WDF, wadda ta gaji gasar duniya ta BDO da ake yi a Lakeside bayan rushewar BDO ɗin a 2020, tana da buɗaɗɗun gasanni a ƙasashe da yawa da kuɗin shiga kaɗan. Ladanta bai kama ƙafar na PDC ba, amma wuri ne mai kyau na gwada kai da baƙin hannu.

Duk wannan maganar ba ta da amfani idan ba ka san matsakaicin makinka ba, wato abin da kake ci da kibiya uku idan aka haɗa aka raba. Mafi yawan abin da kibiya uku ke bayarwa 180 ne. Ƙwararrun da kake gani a talabijin suna yawo ne daga 90 zuwa sama da 100. Wanda ke jifan 55 ko 60 gwani ne a unguwarsu, amma a Q-School za a gama da shi kafin shayinsa ya huce. Shawarata ita ce kada ka yi tunanin Milton Keynes sai kana kai 80 da ɗoriya a wasan gaske da abokin hamayya, wata da watanni, ba a ranar da hannu ya yi daɗi kawai ba. Manhajoji irin su DartCounter suna yi maka wannan lissafin a waya, har su haɗa ka da 'yan wasa na wasu ƙasashe ta intanet.

Saboda haka sayayyar farko ta gida ce. Nemi allo na zaren sisal, irin wanda ramin kibiya ke rufewa da kansa idan an zare ta. Allon takarda nannaɗaɗɗiya da ake sayarwa da arha a shagunan kayan wasan yara, cikin 'yan makonni gidan 20 zai rarake, kibiya ta riƙa zubowa. Duba wayoyin da suka raba gidajen: a allo mai kyau sirara ne, a nutse cikin zaren, a na banza kuwa masu kauri ne an danne su da ƙusoshi, kibiya ta buga ta dawo maka ƙafa. Zoben lambobin ya zama mai cirewa, don ka riƙa juya allon kada gefe ɗaya ya cinye. Winmau ne allon da PDC ke amfani da shi tun 2022, kafin nan Unicorn ne, kuma duka biyun suna da na matsakaicin farashi da ya wadatar. Rataye shi yadda cibiyarsa za ta kasance mita 1.73 daga ƙasa, layin tsayuwa kuma mita 2.37 daga fuskar allon, ba daga bango ba. Wannan ɗan bambancin na kaurin allo ya ɓata wa mutane da yawa atisaye ba su sani ba.

Kibau kuwa, na tagulla sun fi arha amma kauri gare su, uku ba sa shiga ƙaramin gidan da ke ninka maki sau uku cikin sauƙi. Na ƙarfen tangistan sun fi siranta a nauyi ɗaya, shi ya sa ƙwararru suka koma kansu. Wajen nauyi, yawancin 'yan wasa tsakanin giram 21 da 26 suke, kuma 23 ko 24 mafari ne mai kyau. Kada ka biya ninki biyu don an buga sunan wani zakara a jikin kwali; an ƙera waɗannan ne daidai da riƙon yatsunsa shi. Gara ka sayi matsakaita, ka ƙara da fika-fikai da sandunan baya masu yawa, don su ne ke karyewa kullum, kuma a garuruwanmu ba kowane shago za ka same su ba.

Abu na ƙarshe da za ka duba kafin biyan kowace rajista shi ne dokokin shekarar da kake ciki. PDC tana sauya rabon gurabe da kuɗin lada kusan duk shekara, kuma a shafinta take sanarwa. Rajistar Q-School tana rufewa kafin ranar farawa, biza kuma tana iya ɗaukar makonni, don haka mai niyyar Janairu tun watan Oktoba ya kamata fasfonsa da takardun bankinsa su zama a shirye.