Kantun Balma a kasuwar Tawa: yadda ake gane mai kyau

Duk mai kiwo a Adar ya san kantu, dunƙulen gishirin da dabbobi ke lasa, amma ba kowane kantu da ake jerawa a rumfunan gishiri na kasuwar Tawa ya cancanci kuɗinsa ba. Asalinsa daga Balma (Bilma) ne, can cikin yankin Kawar, sama da kilomita 500 gabas da Agadas. A Kalala, gefen garin, Barebari ke haƙa ramuka, ruwan gishiri ya tsattsafo, rana ta ƙafar da shi. Farin da aka fara tsamowa shi ne beza, na miya. Ragowar a kwaɓa da ƙasa, a zuba cikin kututturen dabino da aka fafe, a kife ya bushe: kantu ke nan, mai nauyin kilo 20 ko fiye kaɗan. Tun kaka da kakanni, bayan damina ayarin Abzinawa ke ratsa hamadar Tenere ta garin Fashi, su kai hatsi su ɗauko gishiri da dabino. Yau manyan motoci ma suna ɗaukar lodin.

Kafin ka biya, ƙwanƙwasa shi da bayan wuƙa. Busasshe yana amsawa da ƙarfi. Wanda ya sha danshi kuwa sautinsa a mace yake, gindinsa na marmashewa a hannu. Ka gutsuri kaɗan ka jiƙa a kofi. Laka za ta kwanta, dole ne, amma in yashi ya yi yawa an cika ƙasa wajen kwaɓi, nauyin banza za ka saya.

Ga raƙuma, shanu da awaki, mai kyau ya fi gishirin buhu nesa ba kusa ba, domin taurinsa na sa dabba ta lasa a hankali. Sai dai a ɗora shi kan katako a inuwa, kada ya taɓa ƙasa, musamman da damina, don yana jan laima ya narke. Kuma dabbar da ta dawo da ƙishirwa a shayar da ita tukuna.

Beza na da daɗi a miyar kuka, amma ba a sa masa sinadarin ayodin ba. Gidan da ke da mai ciki ko yara ƙanana kada ya dogara da shi kaɗai, saboda maƙoƙo.