Kayan feshin da na saya wa yaran gona: takalmi ya biya, takunkumi bai biya ba

Gonata tana hanyar Kujama, masara ce da ɗan waken suya, kuma feshin ciyawa da na tsutsa duk 'yan ƙwadago ne ke yi mini. Bana kafin ruwa ya zauna na shiga wani shagon kayan gona kusa da babbar kasuwar Kaduna, na saya musu abin da mai shagon ke kira cikakken saiti: dogon takalmin roba, safar hannu, tabarau, takunkumi da riga mai haɗe da wando. Saiti ɗaya bai kai kuɗin buhun taki ba.

Takalmin dai ba ni da ta cewa. Robar tana da kauri, ƙasansa yana kama laka, har yau babu wanda ya tsage. Shi ne kuma kaɗai ba na tunatar da kowa ya saka, ba don tsoron magani ba, don tsoron maciji. Wanda ya taɓa ganin kububuwa ta naɗe a gindin kunya ba ya shiga ciyawa da silifas.

Safar hannun ma ta yi, ta roba ce mai kaiwa kusa da gwiwar hannu. Amfaninta ya fi fitowa lokacin haɗa magani, domin a nan ne ake taɓa shi da ƙarfinsa kafin a sirka da ruwa. Da can yaran da murfin kwalba suke awo, ya zubo musu a yatsu, su goge a wando, an jima su ɓare gyaɗa da hannun. Mai shagon ya nuna mini cewa hannun riga ake ɗorawa a kan safar, ƙafar wando kuma a kan takalmi, don kada abin da ya gangaro ya taru a ciki.

Rigar ce muka yi ta fama da ita. Tana tare magani sosai, musamman a baya, inda tankin feshi mai lita 16 ke yawan yoyo ta murfi ya jiƙa mutum daga kafaɗa zuwa ƙugu. Amma ba ta shan iska ko kaɗan. Da hantsi ya ɗaga na tarar da babban cikinsu ya zame ta zuwa ƙugu ya ɗaure hannayenta a ciki, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Na ce, "Kai Malam, haka muka yi da kai?" Ya ce, "Alhaji, wallahi in na bar ta a jikina zafi zai kayar da ni kafin magani." Gaskiyarsa. Sai muka mayar da feshi bayan sallar asuba, a tashi kafin rana ta yi zafi, wanda dama lokacin iska ba ta tashi ba balle ta dawo wa mutum da feshin a fuska. Tun daga nan ake saka ta.

Takunkumin kuwa asarar kuɗi ne. Irin na tare ƙura ne, ba ya hana tururin magani shiga hanci, kuma da ya jiƙe sai ya manne a baki da maganin a jikinsa. Takunkumin roba mai feshi yake buƙata, mai matatar iska a gefe da ake canzawa, shagon kuma ba ya ajiye shi, wai ba a tambaya. Bai kamata a cusa wannan cikin saiti a kira shi cikakke ba. Tabaran yana yin hazo, amma ana lallaɓawa.

Abin da zai mayar da ni shagon shi ne mai shagon kansa. Ba ya miƙa kwalba sai ya juya ta ya nuna maka zanen launin da ke ƙasan takardar: ja ya fi kowanne haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sannan kore. Na tambaye shi paraquat, maganin ciyawar nan mai ƙone ganye nan take, ya ce ya daina kawowa tunda NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta sanar da hana shi daga 2024, kuma wanda ya haɗiye shi huhu yake lalatawa, ba shi da makari. Ya ja kunnena kan busa bakin famfo da baki in ya toshe, da zuba ruwan sha ko manja a jarkar magani. A ɗauraye ta sau uku a huda ta. Da na ce yarana madara suke sha bayan feshi, sai ya yi dariya: "Alhaji, madara ba ta wanke guba. In ka ga jiri, amai ko miyau yana dalala, a cire masa kayan, a wanke shi da sabulu, a kai shi asibiti tare da kwalbar."

Badi zan ƙaro takalmi da safar hannu a wurinsa, rigar ma zan saya in ya samo mai sauƙin nauyi. Takunkumi kuwa sai na neme shi a wani wajen.