Hollow Knight: Wasan Da Ke Sayar Wa Mutum Taswira Ba Tare Da Nuna Masa Inda Yake Ba

A yawancin gidajen gem na Sabon Gari da Tudun Wada, ƙwallon ƙafa ce ke cin kasuwarta, kuma ba kasafai ake ganin wanda ya zauna shi kaɗai a gaban wasa na tsawon makonni ba. Ni kuwa na shafe wata uku ina buga Hollow Knight a tsohuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka, galibi bayan sallar isha'i, a ɗakina da ke Samaru, don haka abin da zan faɗa game da shi na gan shi ne da idona.

Wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa da ake kira Team Cherry, a birnin Adelaide na Ostareliya, shi ne ya ƙirƙiri wasan, ƙarƙashin jagorancin Ari Gibson da William Pellen. A shekarar 2014 suka nemi gudummawar jama'a ta dandalin Kickstarter, inda suka tara dalar Ostareliya 57,000 da 'yan kai, sannan wasan ya fito a kwamfuta a watan Fabrairun 2017, ya isa Nintendo Switch a Yunin 2018, ya sauka a PlayStation 4 da Xbox One a Satumbar 2018. Yana cikin rukunin da ake kira Metroidvania, sunan da aka haɗa daga Metroid na kamfanin Nintendo, wanda ya fara fitowa a 1986, da Castlevania na Konami, musamman Symphony of the Night na 1997. Tsarin wannan rukuni shi ne a jefa mutum cikin ƙasa guda mai faɗi wadda sassanta ke haɗe da juna, ya yi ta cin karo da hanyoyin da ba zai iya bi ba sai ya samo wata sabuwar dabara a wani wuri mai nisa, sannan ya dawo.

Jarumin wani ɗan ƙwaro ne marar suna kuma marar magana, mai farin kai da ƙaho biyu, wanda tsohuwar ƙusa ce takobinsa. Daga wani ƙauye da ya kusa zama kufai, Dirtmouth, yake faɗawa ta cikin rijiya zuwa Hallownest, daular ƙwari da wata annoba ta rusa. A nan ne wasan ya yi abin da na ɗauka shi ne babban ƙarfinsa, ko da yake da farko haushinsa na ji. Duk yankin da mutum ya shiga, babu taswira a hannunsa, sai ya bi sawun takardun da aka zubar a ƙasa da kuma sautin wani mai zanen taswira, Cornifer, da ke rera waƙa a maƙoshi, kafin ya same shi ya sayi wani guntun zane da bai kammala ba. Ko an saya, zanen ba ya nuna inda mutum yake tsaye, sai ya koma ƙauye wurin matar mai zanen, Iselda, ya sayi alƙalami a kan Geo 120 (Geo shi ne kuɗin cikin wasan) da layar nuna wuri a kan Geo 220, kuma sabbin hanyoyin da ya bi ba za su shiga taswirar ba har sai ya zauna a kan benci, wurin da ake adana ci gaba kuma daga nan mutum ke farawa idan an kashe shi.

Duk wanda ya taɓa shiga cikin birnin Zariya ta Ƙofar Doka yana baƙo, ya saki babban titi ya faɗa lunguna, ya san yadda ido ke fara riƙe alamomi da kansa, wannan zaure mai zane, wancan masallaci da ke kan kwana, har wata rana ya ga ƙafarsa ta san hanya ba tare da ya tambayi kowa ba. Haka Hallownest ta zauna mini a kai. Bayan mako biyu na daina ɗaura layar nuna wuri, domin tana cin gurbi ɗaya daga cikin 'yan guraben layu da ake da su, na mayar da gurbin ga layar da ke ƙara wa ƙusa tsawo. Ranar da na samu ƙambar da ake manne wa bango da ita, nan take na tuna da wurare uku da na wuce ina kallonsu daga ƙasa, kuma babu wata kibiya a allo da ta tuna mini.

Faɗan wasan ma an gina shi da hikima. Ana farawa da rai biyar, kuma hanyar warkewa ita ce a sari abokin gaba a tara wani farin ruhi, sannan a tsaya cak na ɗan lokaci a mayar da shi magani, wanda ke nufin matsoraci ba ya samun abin jinya, mai gaggawa kuma ana cim masa yana tsakiyar jinyar. Mafi kyawun misali shi ne karawa da sarakuna uku na ƙabilar Mantis. Suna zaune a kan dogayen karagu, ɗaya ya fara saukowa, idan an kayar da shi sai biyu su sauko tare, ɗaya daga sama ɗaya daga gefe. Sau goma sha ɗaya suka kashe ni, kuma a kowane karo na san kuskuren da na yi. Da na yi nasara sai suka miƙe tsaye suka rusuna mini, daga nan mayaƙan ƙauyensu suka daina kai mini hari. Zanen hannu ne gaba ɗaya, kiɗan kuma na Christopher Larkin ne, wanda ya fi ratsa ni a City of Tears, birnin da ruwan sama ba ya ɗaukewa saboda wani tafki da ke yoyo a samansa.

Sai dai wasan yana da aibobin da masoyansa kan yi wa kara. Sa'o'in farko suna da nauyi, domin yankin farko toka-toka ne, jarumin kuma tafiyar hawainiya yake yi har sai ya kayar da wata mayaƙiya mai suna Hornet a yankin Greenpath ya samu alkyabbar zabura. Abokaina biyu a nan suka ajiye shi. Hukuncin mutuwa ma ya yi tsauri, domin idan an kashe mutum kuɗinsa na zama a wurin tare da wata baƙar inuwarsa, idan kuma ya sake mutuwa kafin ya kashe inuwar, kuɗin sun tafi ke nan. Ina tara Geo 1,800 na fitilar da ake shiga wurare masu duhu da ita, na kai 1,500 da ɗoriya, ruwan guba na Fungal Wastes ya raba ni da su. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne nisan wasu bencina daga manyan abokan gaba, kamar Soul Master, inda mutum zai yi ta maimaita doguwar hanyar da ya riga ya haddace kafin ya sake gwada faɗan da bai wuce minti biyu ba. Wannan ba ya koyar da komai, cin lokaci ne kawai.

Dogaro da benci wajen adana ci gaba yana da wata illa a wurinmu wadda da wuya a ce masu wasan sun yi tunaninta. Batirin kwamfutata ya daɗe da mutuwa, kuma wani dare ina can ƙasan Deepnest, cikin duhu da gizagizai, na yi kusan minti arba'in ban ga benci ba, sai aka ɗauke wuta.

Labarin kuma a warwatse yake cikin rubuce-rubucen jikin duwatsu da gajerun maganganu, da Turanci mai kama da na tsofaffin littattafai, kuma babu fassarar Hausa. Ƙanena ɗan shekara goma sha uku, wanda ya fi ni saurin hannu nesa ba kusa ba, ya taɓa juyowa bayan ya kayar da wani ƙaton mayaƙi ya ce, "Yaya, wai laifin me wannan ya yi mana?" Na rasa amsar da zan ba shi. Yankin White Palace kuwa, da zartunansa masu juyawa da ƙayoyinsa, ya koma jarrabawar tsalle zalla, kuma wanda ke bugawa da madannan kwamfuta maimakon fad ɗin wasa, zai ji a yatsunsa.

Ta fuskar kuɗi babu abin ƙorafi. Dala 15 ne farashinsa, ba ya buƙatar intanet da zarar an sauke shi, sannan ƙari huɗu da aka yi masa tsakanin 2017 da 2018, wato Hidden Dreams da The Grimm Troupe da Lifeblood da Godmaster, duk kyauta aka bayar da su. Ina ba da shawararsa ga mai haƙurin ɓata hanya, amma ban ba da ita ga mai neman abin da zai buga na rabin sa'a ya tashi ba. Ci gabansa, Silksong, wanda Hornet ke jagoranta, ya fito ranar 4 ga Satumbar 2025 a kan dala 20, kuma na yanke shawarar ba zan saye shi ba sai na fara sauya batirin kwamfutar.