Guruf din iyayen masu hemofiliya na WhatsApp, ra'ayina a kai

Duk uwar da likita ya ce mata danta yana da hemofiliya, shawarata ta farko ita ce ta tambayi nas din bangaren jini ko akwai guruf din iyaye, a saka ta. Namu na asibitin koyarwar da muke zuwa ne, nas daya da wasu iyaye ke rike da shi, ba'a biyan ko sisi sai dai datarki.

Ga wanda bai sani ba, wannan ba sikila bace, mutane suna yawan hadawa. Jinin ne baya daskarewa da wuri saboda karancin wani sinadari, fakto 8 a nau'in A, fakto 9 a nau'in B, kuma galibi maza yake kamawa. Kusan mutum 1 cikin 10,000 ne, shi yasa kaf unguwarku ba lallai ki samu wadda ta taba jin sunansa ba. Da yawanmu a wajen kaciya ko cire beli muka gane, wanzami ya gama aikinsa jini ya ki tsayawa.

Babban amfanin guruf din dai maganar allurar fakto ce, wato wadda ake yi wa yaro don a mayar masa da sinadarin da ya karanta a jininsa. Tsadarta ta fi karfin talaka, yawancin wadda muke samu tallafi ne daga kungiyar hemofiliya ta duniya WFH, kuma yau akwai gobe babu. Toh idan gwiwar yaro ta kumbura cikin dare ta dau zafi yana kuka ya kasa mike kafar, layi daya zaki rubuta, wallahi kafin ki gama nade kankara a tsumma wata ta fada miki likitan da ke bakin aiki, nas ta duba ko akwai saura a firij, wata kuma ta turo lambar mai adaidaitan da baya kin fitowa da dare, duk ke kina zaune kina rike da kafar danki.

A nan na koyi cewa ba'a bashi asfirin ko ibufurofen ko diklofenak, suna kara zubar jini, sai dai farasitamol. Kar ki bari mai kemis ya yi masa allura a duwawu. In ya bugu a kai, ko ba ki ga jini ba asibiti kai tsaye. 'Yan guruf din ne ma suka tsara mana takardar da muke kaiwa makaranta da islamiyya kan kar a yi masa bulala.

Sai gori. Tunda ta bangaren uwa ake gadonsa, dangin miji basa raga mana, wai ke kika kawo musu. Na ji mata suna kuka a sakon murya, manyan cikinmu suna rarrashi suna cewa yi hakuri Maman wane, ba ke kika zaba ba, kuma kusan kashi 1 cikin 3 na yaran nan babu wanda aka sani da shi a dangi gaba daya. Wannan kadai ya isa na basu tauraro hudu cikin biyar.

Dayan da na rike kuwa, turo sakonni barkatai ya yi yawa, har wani lokacin neman taimakon gaggawa ya nutse a ciki, kuma an taba samun masu tallan maganin gargajiya da ke cewa suna warkarwa kwata-kwata, an dade kafin a cire su. Iyaye maza ma basa magana, sai ranar 17 ga Afrilu da ake taron ranar hemofiliya ta duniya zaki ga wasu. Abin da ya fi damuna matan kauye ne masu karamar waya, su suka fi nisa da asibiti kuma su ne basa ciki. Dan Allah masu rike da guruf a raba mana lambobinsu, kowacce ta dauki mutum biyu tana kira ko sau daya ne a sati.