Ajin horar da murya a Asawase: ku ɗauki darasin mutum ɗaya, ku bar na taro

A wani bene da ke bayan babban titin Asawase a Kumasi, ba nisa da Aboabo, akwai wata malama da ke koyar da rera waƙa irin ta gargajiyar Turai, wadda ake yi babu makirfo, muryar mutum ita kaɗai ta cika zaure. Yawancin ɗalibanta mawaƙan coci ne, amma 'yan Zango ma sun fara zuwa: masu bege, ladanai, da malaman Islamiyya da muryarsu ke dishewa tun kafin La'asar. Darasinta iri biyu ne, na mutum ɗaya mai minti 45, da na taro ranar Asabar. Na farkon ya ci kuɗinsa. Na biyun da sauran gyara.

Makonnin farko ba ta ba da waƙa ko ɗaya, numfashi kawai ake yi. Ɗalibi zai tsaya gaban madubi, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, ya ɗora tafukan hannu a kan haƙarƙarin ƙasa, ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga huɗu. Abin da take dubawa shi ne haƙarƙari su buɗe gefe da baya, kafaɗa kuwa kada ta motsa. Sai ya saki iskar da siririn "sss", daƙiƙa 15 da farko, a hankali har 30, ba tare da ƙirji ya rufta ba. Dalilin a fili yake: idan kafaɗa ce ke ɗagawa, iskar ba ta sauka ƙasa ba, za ta ƙare a tsakiyar baiti, sai maƙogwaro ya matse don ya cike giɓin. Shi ya sa kuke ganin jijiyoyin wuya sun firfito wa ladan idan ya kai wurin ɗaga murya. Ba ta taɓa jikin ɗalibi namiji, hannunsa da madubi ke yin aikin, ita tana gefe tana cewa, "Malam, sauke kafaɗa."

Daga nan sai tsinken shan lemo. A tsoma bakinsa cikin kwalbar ruwa zurfin santimita 2 zuwa 3, a rera "uuu" ta cikinsa daga ƙasa zuwa sama a dawo, minti 3 zuwa 5, kumfa na tashi daidai-wa-daida. Tantanin murya guda biyu ne a maƙogwaro, tsawonsu a jikin namiji bai wuce kimanin santimita biyu ba, na mace bai ma kai haka ba, kuma a sautin A na tsakiya suna haɗuwa su rabu sau 440 cikin daƙiƙa ɗaya. Iskar da tsinken ke mayarwa baya ita ke hana su bugun juna da ƙarfi. Masanin murya Ingo Titze na Amurka ya yi bincike mai yawa a kan rera sauti ta cikin tsinke, kuma malamar ta san dalilin abin, ba kwaikwayo take yi ba.

Inda ta fi burgewa shi ne kunnenta a kan bakin Bahaushe. Wasulanmu a, e, i, o, u tsarkakakku ne, kusan irin waɗanda ake rera Italiyanci da su, don haka nan muna da sauƙi. Matsalarmu a farkon sauti take. Duk kalmar Hausa da ta fara da wasali, da hamza muke buɗe ta, wato maƙogwaro ya rufe sannan ya ɓalle. A magana ba komai, amma a maimaita shi da ƙarfi a sauti mai tsawo, yana cin tantanin. Maganinta: a fara da "ha" mai laushi, a riƙa rage "h" ɗin har ya ɓace, iska da sauti su fito tare. Haka kuma ƙ da ts suna tura maƙoshi sama, sai ta sa ɗalibi ya ɗora yatsa a kansa, ya yi kamar zai yi hamma, ya ji saukarsa, sannan ya rera. Malamai kaɗan ne a Kumasi ke lura da wannan.

Wurin da muryar ƙirji (mai kauri) ke miƙa wa muryar kai (siririya), wanda ga yawancin maza yake wajejen sautin E zuwa F a saman sautin C na tsakiya, ba ta yarda a ture shi da ƙarfi. Daga sama take saukowa da wasalin "u", murya ƙasa-ƙasa, har a daina jin karyewar muryar. Ba ta kuma gaggawar ce wa mutum kai teno ne (muryar maza ta sama) ko bariton (ta tsakiya) sai bayan watanni, wanda shi ne daidai. Rawar murya, da ke kaɗawa sau 5 zuwa 7 a daƙiƙa, ta hana a ƙirƙire ta da girgiza haɓa. Idan numfashi ya zauna, da kanta take zuwa.

Ajin Asabar fa? Mutum sama da goma a ɗaki ɗaya, kowa a kan sauti ɗaya, mai kaurin murya yana ta yunƙurin kamo mai siririya, ita kuma ba ta iya jin wanda ke matse wuya. Abin da ya fi damuwa shi ne samari 'yan shekara 13 da 14 da muryarsu ke fashewa suna cikin layi ɗaya da manya, alhali su ɗan taƙaitaccen zangon sauti ya kamata su tsaya a kai. Tagar ɗakin tana kallon titi, ga hon ɗin motoci ga janareta idan an ɗauke wuta, ɗalibi yana ƙara ƙarfi bai sani ba. Karatun rubutun kiɗa ma da rauni: "do re mi" a haruffa ta fi ba ƙarfi, kamar yadda mawaƙan cocin Gana suka saba, don haka mai niyyar jarrabawar kiɗa ta hukumar ABRSM ta Birtaniya, mai mataki 1 zuwa 8, sai ya nemi ƙarin darasin karanta rubutun kiɗa na layuka biyar.

Shawarwarinta na lafiya sun dace da garin. Lokacin hunturu a yawaita ruwa, a shaƙi tururin ruwan zafi minti 10 kafin atisaye. A rage goro da shayi mai kauri ranar waƙa. Kada a kwanta sai an yi awa 3 da cin abinci mai shito (miyar barkono), domin ƙwarnafi na hawowa ya ƙona tantanin cikin dare, a tashi da murya a shaƙe. Raɗa da yawan gyaran murya suna ƙara ɓarna. Da azumi tana mayar da darasin Musulmi bayan shan ruwa. Wanda dishewarsa ta wuce mako uku kuwa ba ta karɓar kuɗinsa, sai ya je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin Komfo Anokye an leƙa, don tantanin kan yi kanta kamar tafin hannun manomi, kuma atisaye bisa kuskure ƙara ta yake yi.

Mai zuwa ya nemi lokacin safe kafin titi ya cika, ya tafi da ruwansa da tsinkensa, ya naɗi darasin a wayarsa. A gida minti 15 sau biyu a rana ya isa sabon shiga, kuma da zarar ya ji ƙaiƙayi ko zafi a wuya ya dakata, ya gaya mata a darasi na gaba.