Yawon Ramin Gishiri na Hallstatt: Ko Ya Cancanci Kuɗin da Ake Biya?

Hallstatt ƙaramin gari ne a ƙasar Ostiriya da ke maƙale tsakanin tafki da dutse, wanda mazaunansa ba su kai mutum 800 ba, amma a tsakiyar bazara akan sami ranar da baƙi kusan 10,000 za su kwararo cikinsa. Yawancinsu motocin safa ne ke sauke su, su ɗauki hoto a bakin ruwa, su sayi tsaraba, su juya. A ganina wanda ya tsaya a nan bai ga garin ba, domin abin da ya kafa Hallstatt yana can saman dutse, a ramin gishirin da ake shiga da masu ziyara.

Tun kafin a kai bakin ramin ake fara cin moriyar yawon, saboda hanyar ta ratsa ta filin tsohuwar maƙabartar da Johann Georg Ramsauer, shugaban ma'aikatan ramin, ya gano a 1846. Ya tono kaburbura kusan 1,000, kuma abin da aka samu a cikinsu, wato takubban ƙarfe, tasoshin tagulla, har da hauren giwa, ya nuna cewa masu haƙar gishirin nan attajirai ne da fataucinsu ya kai ƙasashe masu nisa. Wannan ne ya sa masana suka laƙaba wa farkon zamanin ƙarfe na tsakiyar Turai, daga wajajen 800 zuwa 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sunan wannan ɗan gari.

A ƙofar shiga ana ba kowa riga da wando masu kauri ya ɗora a kan tufafinsa, kuma bai kamata a raina su ba, don sanyin ciki bai wuce digiri 8 ba ko da ana zafi a waje. Amfaninsu na biyu yana bayyana ne idan aka iso wurin sulɓin katako da ma'aikata ke sauka da shi zuwa hawa na ƙasa: mutum zai zauna a kan dogayen katakai biyu masu santsi, ya ɗaga ƙafafunsa, ya ɗan kwanta da baya, sai kawai ya ji ya tafi. Sulɓin da ya fi tsawo mita 64 ne, kuma dattijon da ya shiga da fargaba yakan fito yana dariya.

Sai dai ainihin darajar wurin ita ce yadda gishiri ya adana abin da ƙasa kan cinye. An tsinci takalman fata da huluna da jakunkunan goyon gishiri na mutanen da, an kuma sami matakalar katako mai shekara fiye da 3,000, wadda ake nuna wa baƙi a cikin ramin. A 1734 ma'aikata sun ci karo da gawar wani mahaƙi na zamanin da, tufafinsa na jikinsa. Ramin bai daina aiki ba har yau, illa dai salon ya sauya: ana tura ruwa cikin dutse ya narkar da gishirin, sannan ruwan ya bi bututu na kimanin kilomita 40 zuwa garin Ebensee, hanyar da aka shimfiɗa tun farkon ƙarni na 17 da kututturan itatuwa da aka fafe.

Yawon yana da nasa naƙasu. Kuɗin shiga ba kaɗan ba ne ga mai iyali, bayani da Jamusanci da Turanci ake yin sa, ba a shiga da yaron da bai kai shekara 4 ba, kuma akwai tafiyar ƙafa mai ɗan tsawo da hawa wadda za ta wahalar da mai ciwon gwiwa. Na kuma fi son a rage wasan fitilu da majigi a ƙara wa jagora lokacin amsa tambayoyi. Duk da haka ya ci kuɗinsa.

Wanda zai je ya fi kyau ya bi jirgin ƙasa, domin tashar tana tsallaken tafki, kuma ƙaramin jirgin ruwa ne ke ƙetarar da fasinja, kamar yadda ake shiga garin kafin a yi masa hanyar mota a ƙarshen ƙarni na 19. Ya kuma yi ƙoƙarin kwana, ya kiyaye haƙƙin masu gari, waɗanda cunkoso ya kai su ga tare hanyar shiga a watan Agustan 2023. Game da abinci, naman alade ya yi yawa a gidajen cin abincin yankin, saboda haka Musulmi ya nemi gasasshen kifin tafkin, ya kuma tambaya ko an sa giya a miyarsa.